Rariyar Inna Kulu

Kai Sabi'u, ajiye cokalin ginin nan ka zo ka zauna, tunda bakinka ya fi hannunka sauri. Ku ma ku matso. Na ji abin da kuke faɗi ɗazu, kunnena bai mutu ba tukuna. Wai ginin ƙasa wasan yara ne, duk wanda ya taɓa kwaɓa laka a bakin rijiya ya iya shi. Wai a dubi gidan Alhaji Sanda, tun shekarar da muka karɓi mulkin kai aka shafa mashi siminti, har yau ko tsagewa bai yi ba, a nuna maku ginin ƙasa ɗaya a Gazawa da ya yi haka. To, madalla da masana. Gidan nan da kuke nunawa da baki, ni na fara gyaransa, lokacin ko auren kakanninku ba a ɗaura ba. Kududdufin da ke bayansa kuma, inda kuke hawa falalen dutsen nan kuna ɗibar ruwan kwaɓa siminti, na san wurin tun bai zama kududdufi ba. Ku zauna ku ji, bulo ba zai gudu ba.

Aikin farko da maigidana Baba Jatau ya ba ni shi ne taka ƙasa. Ba a ba ni tsani ba, ba a ba ni igiya ba, rami aka nuna mani. A haƙo ƙasa, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, ka shiga da ƙafa ka yi ta kewayawa har ka daina jin ƙafar a jikinka. Sai a rufe a bar shi ya ruɓe. In an buɗe, warin kaɗai ya isa ya kori mai son jiki. Baba Jatau zai zo ya ciri curi guda, ya matsa a hannu, ya maka a jikin katanga. In ya manne ya ce, "To." In ya faɗo ya ce, "Koma." Wannan "to" ɗin ita ce duk yabon da na samu a bakinsa har ya koma ga Allah. Ku kuwa yau a yage buhu a juye, a watsa ruwa, a juya sama-sama, kowa ya koma inuwa yana share zufa yana latsa waya.

Daga rami aka kai ni ga tubali. Ba mu da akwati irin naku da za a ɗura a danna a kife, su fito kai ɗaya ko da mai barci ne ya yi. Hannu ke mulmula shi, gindi da faɗi, kai a tsuke, a jera a rana. Sannan jifa. Magini yana bisa katanga ya haye ta da ƙafa biyu, kai kana ƙasa kana cilla mashi tubali da curi, yana cafewa yana dasawa bai ko dube ka ba. Ka jefa da ƙarfi ya fashe a hannunsa, ka jefa da sanyi ya dawo kanka. Ga tabon nan a goshina, ku duba da kyau. Damina ta zo ta wuce ba sau ɗaya ba kafin ya bar ni na hau gini, shi ma katangar garken awaki ce. Azara kuwa, da ɗaurin baka da ke riƙe rufin zaure, sai da gemuna ya fito sannan ya yarda na taɓa.

Kayan aikinmu ba su cika kwando ba: hauya, gatari, gizago na sassaƙar azara, igiya, tsani. Amma abin da Baba Jatau ya fi girmamawa tulu ne. In aka kira mu gyaran tsohon gida, kafin a taɓa ko ina, sai ya sa a ciko tuluna, ya tafi can ƙuryar gidan, a yi ta tuntsurarwa har ruwan ya kama hanya. Mu bi shi a baya, mai gida ma ya biyo, maƙwabta su leƙo ta katanga. Duk inda ruwan ya bi har ya fita titi, nan ba a gini, ba a tara itace, ba a kafa turke. In ya bi ta ƙarƙashin katanga ya shiga gidan maƙwabci, wannan kafar ita ce rariya, kuma ta zama hakki a wuyan maƙwabcin, shi da ɗiyansa da duk wanda zai saya bayansa. Magina ne suka riƙe wannan, da dattawan unguwa. Sai dai in aka toshe, mai gidan da ruwa ya kwanta wa shi ke da bakin kai kuka, ba magini ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gidan da kuke kira na Alhaji Sanda, a da gidan Malam Bawa ne, gidan asali, mai zaure da ɗaurin baka da soraye da rumbuna a ciki. Da Malam ya rasu, ƴaƴan suka watse, wani Maradi wani Kano, aka raba gado. Matarsa, Inna Kulu, ta samu ƙuryar baya: ɗaki ɗaya, ƴar tsakar gida, da itacen lalle. Baba Jatau ne ya ja katangar da ta raba ta da babban gida, ni ina ƙasa ina jifa. Aka buɗe mata ƙofa ta lungun baya. To amma lungun tsohon gari tashi yake yi da shekaru, shara da zubabben gini suna ɗaga shi, har ya fi tsakar gidanta tudu. Ruwanta ba shi da mafita ta can. Shi ya sa Baba Jatau ya bar mata rariya a gindin sabuwar katangar, ya jere ta da fasassun tukwane. Daga nan ruwan ya shiga babban gida, ya bi jikin bango, ya fita ta gefen zaure.

Ɗakin nata ba wani abin kallo ba ne, sai daɓen. Daɓe aikin mata ne, kuma a unguwar nan ba a yi mace mai hannun Inna Kulu ba. Da ta koma ɗakin, ta tara matan unguwa, aka zuba tsakuwa da jar ƙasa, ita da kanta ta jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan da ke sa ƙasa ta ƙi ruwa. Suka yi ta bugu da maɗabi suna waƙa, a yayyafa a buga, a bari ya sha iska a sake. Da aka gama ya yi baƙi yana sheƙi, ka zuba fura a kai ka kwashe ba ka ji yashi ba. Kuma ba ta yarda a taka mata shi da takalmi. Baba Jatau kansa, da furfurarsa, na ga ta mai da shi bakin ƙofa ya tuɓe.

Alhaji Sanda ba baƙo ba ne a ƙofar gidan nan. Ubansa daga kudu ya tsallako, can wajen Katsina, da huhun goro a ka, ya shimfiɗa tabarma a gefen zauren Malam Bawa yana kasawa. Nan Sanda ya tashi, yana korar ƙuda daga goro, in Malam ya fito su zube su gaishe shi. Sai gyaɗa ta yi daraja. Sanda ya fara da awon mudu a kasuwar Gangara, ya koma yana tara wa kantunan Turawa, ya sayi kamiyo, babbar motar kaya, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya. Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, kan kowa a garin nan ya yi zafi, wai duk abin da ke na da ya ƙare, har ƴan lakol, yaran boko, suna yi wa kakanninsu dariya. A shekarar ya sayi babban gidan daga hannun magada. Filaye ga su nan birjik a bayan gari, da ya so da ya gina wanda ya fi shi. Ina, wannan zauren yake so, ya zauna daga ciki a zo a gaishe shi.

Lokacin Baba Jatau ya riga ya rasu, aiki ya dawo hannuna, ni aka kira. Ranar farko na sa aka ciko tuluna, na roƙi Inna Kulu izini, aka tuntsurar a tsakar gidanta. Ruwan ya fito ta rariya ya kama hanyarsa. Alhaji ya biyo mu yana tattare babbar riga yana dariya, wai shi bai san sai an yi wa gida alwala kafin a gyara shi ba. Amma ya bi, ya gani da idonsa, har bakin titi.

Bai jira an gama gyara ba ya tare. Kamiyo ya tsaya a ƙofa, aka sauke gadajen ƙarfe, da akwatin rediyo, da kujeru masu hannu, da wani madubi da ya fi ƙofar ɗaki tsawo. Gado ya ƙi shiga turaka, ya ce in fasa ƙofar. Ƙofar da aka yi ta gajera da gangan, don zafi ya tsaya waje mai shiga kuma ya sunkuya. Na fasa, gidansa ne. Masu gida iri-iri ne, duk na gan su. Akwai mai tsaya maka a ka yana ƙirga curi. Akwai wanda matarsa ke aiko da umarni ta bakin ƙanwarta, ka gina da safe ka rushe da yamma. Akwai wanda zai yaba aikinka har sai ka sauko, sannan ya tuna yana da tafiya. Mafi wuya dai shi ne wanda yake gyaran gida don mutanen waje, ba don ya kwana a ciki ba. Alhaji Sanda na cikin waɗannan.

Zauren na fara. Na hau na yaye ƙasar rufin, na tarar gara ta ci azarar gabas, ka sa yatsa ya nutse. Ɗaurin bakan kuwa yana nan daram, wanda ya ɗaure shi ya san Allah. Na sa aka kawo azarar giginya a kan raƙuma, baƙa mai nauyi, ba goruba da wasu ke yaudarar mutane da ita ba. Muka jera, muka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa aka bubbuge, na kafa sababbin indararo, na shafe da makuba. Alhaji yana ƙasa kan kujera mai hannu, yana nuna mani aiki da tsinken sakace. "Magini, a ƙara wa zankon nan tsawo, a hango shi daga tasha." Na ƙara. "Magini, a zana mani kamiyo a goshin zaure." Na zana, ya fito kamar kunkuru, ya ce ya yi kyau. In mai gida ya nemi wautar da ba ta cutar kowa, yi mashi ka sauko ka ci tuwonka.

Rigimar ta taso ne a kan mangaza. Yana son wurin tara buhunan gyaɗa a cikin gida, kuma ya zaɓi jikin katangar baya, daidai kan rariya.

Na ce, "Alhaji, nan hanyar ruwan Inna Kulu ce. Kai ma ka bi tulun da ƙafarka."

Ya ce, "Na bi. To ruwan wani ya riƙa bi ta ƙarƙashin gyaɗata?"

"A matsar da mangazar gefen arewa, wuri ya isa."

Ya ci gaba da sakace. Can ya ce, "Magini, tun da na tare gidan nan, wa bai zo ya yi mani barka ba? Liman ya zo. Mai unguwa ya zo. Har mutanen buro na gwamnati sun zo. Tsohuwar nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ko saƙo ba ta aiko ba. In ruwanta na son hanya ta gidana, ta zagayo ta zaure ta faɗa mani da bakinta. Wallahi in ta zo na bar mata rariyar, har in sa a yi mata ta siminti."

Nan na gane maganar ba ta gyaɗa ba ce. Na zagaya ta lungu, na tuɓe takalmi, na same ta zaune kan daɓenta tana kaɗi.

Na ce, "Inna, ba nisa. Ki zagaya ki ce mashi barka da tarewa, ki ambaci ruwa, shi ke nan an wuce wurin."

Ba ta ɗago daga mazarinta ba. Ta ce, "Yaron Jatau, ta zauren nan aka shigo da ni, fuskata a rufe. Ta nan aka fitar da Malam. Uwar yaron nan a hannuna take karɓar tuwo in kasuwa ta ƙi su, ban taɓa goranta mata ba, ba kuma zan goranta wa ɗanta ba. Amma in tsaya a ƙofar Malam in yi sallama, in jira a ba ni izini, in roƙi hanyar da ruwa ke bi tun ba a haife shi ba? Shi ne yaro. Shi ya kamata ya zagayo ya gaishe ni."

Na ce, "To ki kai kuka wurin mai unguwa, ni shaida ne."

"A ji ni a bakin dattawa ina jayayya da ɗan mai goro a kan rariya? Allah ya sawwaƙe."

"Inna, ɗakin zai faɗi."

Ta ce, "In ya faɗi kowa ya ga wanda ya kada shi."

Kun ji fa. Shi yana jiran barka, ita tana jiran gaisuwa, kuma abin haushin kowannensu yana da hujja: maƙwabta ne ke zuwa barka da tarewa, yaro kuma shi ke zuwa gaida babba. Manya biyu da hankalinsu, sun mai da ni ɗan aike, in shiga ta zaure in fita ta lungu. Na tafi wurin mai unguwa da ƙafata, ya ce, "Gidanka ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To mai gidan ta zo." Alhaji ya aike ni in ce mata zai gina mata ɗaki mai rufin kwano a bayan gari ta koma can. Ta ce in tambaye shi ko kamiyon nasa yana ɗaukar daɓe. Wannan saƙon ban kai shi yadda ta faɗa ba, amma ya ji a bakin mata.

Ranar da ya ce a fara mangaza, na ce mashi hannuna ba ya toshe rariyar da maigidana ya buɗe. Ya ce magina ba su ƙare a duniya ba. Na ɗauki gizagona da igiyata na fita ta zauren da na gama gyarawa, makubar ko bushewa ba ta gama yi ba.

Ya aika Maradi aka kawo mashi mai siminti, wani mai gajeren wando da ake ce wa Shef. Ba zan ci naman mutumin nan ba, ya iya aikinsa. Ya ga rariyar, ya tambaya, aka ce mashi toshe, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi abin da aka sa shi yake yi. Ku kakanku ke nan a sana'a. Ya haƙa harsashi mai zurfi, kamiyo ya kawo duwatsu daga nesa, ya zuba siminti ba tausayi, ya tada bango jikin katangar Baba Jatau. Toshiyar da ya yi ko tururuwa ba ta wucewa. Ya gama ya shafe fuskar gidan duka, ya rufa mangaza da kwano. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga ƙauyuka, suna shafa bango da hannu suna salati.

Shekarar nan na sha wuya. Alhaji bai ma buƙaci ɓata mani suna ba. Duk mai ɗan hali a Gazawa ya ce shi ma kwano yake so, ko da zai gasa shi da rana ya hana shi barci da ƙarar ruwa. Mutanen da ke zuwa ƙofar Baba Jatau da goro a hannu suna roƙon ya sa su a layi, su ne ke wuce ni a kasuwa suna cewa, "Magini, zamani ya juya, sai haƙuri." Na koma gina rumbu, da murhu, da liƙin katangar bayan gida. Mutumin da ya koyi ɗaurin baka ya koma yi wa mata akurkin kaji, su ma suna yi mashi gyara. Kai mai hular nan, daina dariya, ranarku na zuwa, na ji an fara kawo injin da ke buga bulo shi kaɗai.

Da bazara ta kama na koma wurin Inna Kulu na yi abin da hannu zai iya. Na haƙa rami a tsakar gidan na cika shi da fasassun tukwane, ko zai sha. Na ƙara wa gindin ɗakin kauri, na shafe da makuba. Na juya indararonta ya zuba a lungu. Ruwan farko ramin ya shanye. Na biyu ma haka, har ta ce mani, "Ka gani ko? Kai ne mai tsoro." Na ce Allah ya sa ni ne. Na san ƙasan wurin laka ce, in ta ƙoshi ta ƙoshi.

Da gero ya fara fitar da kai aka shiga marka, ruwa ba babba ba amma ba ya ɗaukewa. Ramin ya cika ya tumbatsa. Ruwan lungu ya dawo ta ƙarƙashin ƙofa. Tsakar gidanta ta zama tafki, itacen lalle yana tsaye a ciki. Matan unguwa suka zo da ƙore suna kwarfa, su zuba a lungu ya zagayo ya same su. Na ɗauko gatari na nufi inda rariyar take, na ce ko a ɗaure ni sai na fasa. Ta fito bakin ƙofa ta ce, "Yaron Jatau, ajiye. Kar ka taɓa mashi bango, a ce ni na sa ka." Na ajiye gatarin cike da haushi. Ta ƙi roƙo, ta ƙi ƙara, ta ƙi gatari. A can gefe ina jin rediyon Alhaji yana ta kiɗa.

Ginin ƙasa ba ya cika faɗuwa ana ruwa, wannan ma ba ku sani ba. Sha yake yi ta gindi, ya yi ta sha, sai ranar da rana ta fito, sama ya ƙame, gindi kuwa ya zama kunu. Ranar da gari ya washe na zo da hantsi, na dafa bangon ɗakin, na ji azara tana ƙara a hankali, ga tururuwa suna fita da ƙwansu a baki. Na ce, "Inna, fito yanzu." Mata suka shiga suka kwaso tasoshi, da tabarmi, da buzun Malam, da allonsa. Ita kuwa, kun san abin da ta tsaya yi? Shara. Ruwa bai hau daɓen ba don yana da tudu, amma masu kwasar kaya sun shigo da laka a ƙafa. Ina bakin ƙofa ina yi mata magiya, tana bin kusurwa da tsintsiya. Sai da ta gama ta jingine tsintsiyar ta fito. Ba ta jima da fita ba ɗakin ya durƙusa kamar raƙumi, bangon gabas ya fara, rufin ya biyo. Ko ƙara mai yawa bai yi ba.

Ta kwana biyu a gidan maƙwabta, sannan mijin ɗiyarta ya zo daga Gangara da takarkari, sa mai ɗaukar kaya, aka ɗora kayan. Hanyar Gangara ta gaban zauren take bi, ba wata. Alhaji yana zaune a ciki da mutanensa. Da ya hango ta sai ya miƙe, ya bar takalmansa, ya fito har titi ya rusuna.

Ya ce, "Inna, ina kwana? Ya muka ji da ruwa?"

Ta ce, "Lafiya lau. Ruwa ya yi gyara."

Ta wuce. Gaisuwar da aka shafe rani da damina ana jira ke nan, aka yi ta a titi cikin taɓo, ɗakin yana ƙasa. Ni ina tsaye gefe riƙe da igiyar takarkarin, na rasa wanda zan zaga a cikinsu.

Na sake ganinta da kaka, da aikin rumbu ya kai ni Gangara. Ɗakin kara aka yi mata, ƙasansa yashi. Ba ta tambaye ni Alhaji ba, ba ta tambaye ni zaure ba. Ta dai ce tun da ta zo duk abin da ta sa a baki sai ta ji yashi a ciki. Can ta rasu, ba ta sake taka Gazawa ba. Alhaji ya aika da likkafani, aka ce mani surukin ya karɓa. Rariyar kuwa bai buɗe ba, wa zai buɗe wa?

Wurin ya zama kango. Ƙasar tsohon gini ta fi kowace kyau, kowa ya sani, sai mai liƙin bango ya zo ya ɗiba, mai murhu ya ɗiba. Da suka gama da bangon suka shiga haƙar ƙasa, rami ya yi ta zurfi, ruwan unguwa duka ya koma can. Ni dai ko curi ɗaya ban taɓa ɗiba ba. Gidan Alhaji Sanda yana tsaye, ban ce ba ya tsaye ba, jikokinsa ma sun shafa mashi fenti. Ruwan da ya kamata ya ratsa ta cikinsa ne ya samu wani wuri ya kwanta, yana nan kwance har yau, da sauronsa da kwaɗinsa.

Masu haƙar nan sun ci ko ina sai wuri ɗaya, hauya ta ƙi shiga, suka haƙe kewayensa suka bar shi tsaye. Kai Sabi'u, a nan aka haife ka, ina ka taɓa ganin falalen dutse a yashin Gazawa? Gobe ka durƙusa ka wanke shi ka duba, za ka ga tsakuwa da sawun maɗabi. Daɓen Inna Kulu ne kuke hawa.

To, tashi ka ɗebo ruwan, simintinka na bushewa. In za ka hau, ka tuɓe takalmin nan naka a ƙasa. Ba ta yarda a taka mata da takalmi.